Rigar Tashi Sama

Su biyu suka zo shagona a Fagge
ana shirin kiran la'asar,
Tasi'u da kyamara a rataye,
Nasidi da zane a jikin kwali:
wani ƙato, ƙirji kamar ƙofar gari,
sanye da ja, yana keta gajimare.
"Baba tela, wannan za ka ɗinka mana."
Ban ko ɗauko igiyar awo ba suka sarƙe.

Tasi'u ya ce, "Ni jarumina ɗan Kano ne.
Zai yi gumi, hammatarsa ta nuna.
Sauro ya cije shi, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku.
In zai kai ceto Sharaɗa,
ya tsaya a cunkoson Ƙofar Nassarawa kamar kowa,
ya yi ciniki da mai adaidaita.
In ya naushi bango, yatsunsa su kumbura.
Ba na son ƙarya mai ƙyalli."

Nasidi ya bugi tebur, allurai suka watse.
"Wa ke biyan kuɗin kallo don ya ga kansa?
Cunkoson ai daga cikinsa muka fito.
Bar shi ya taka Dala da ƙafa ɗaya,
ɗayar a kan Goron Dutse,
ya cafke walƙiya ya naɗe ta kamar tabarma.
Wanda ya wuni cikin rana
inuwa yake nema, ba hoton rana ba."

Na ƙyale su, na zura zare.
Ba su san da tabon gwiwar hannuna ba.
Ina shekara tara, a Yakasai,
na zare zanen Inna daga igiyar shanya,
na ɗaure a wuya, na hau soron zaure.
Na rantse da wanda ya busa min numfashi,
tsakanin soro da ƙasa
akwai wata ƙiftawar ido
da iska ta karɓe ni hannu biyu.
Na hango tsakar gidan maƙwabta,
akuyarsu ta ɗaga kai ta daina tuƙa.
Sai ƙasa ta karɓi nata.
Da mai ɗori ya ja hannun
kakata da ta rasu na kira.
Shekara hamsin ke nan, har yau ban yanke ba
wanne ya fi zama gaskiya,
tashin ko karayar.

Kwana shida na yi a kan rigar.
Waje, yadi mai sheƙi daga Kwari, ja kamar garwashi.
Ciki na shafe shi da ragowar atamfar mutane,
na ɓoye aljihu ɗaya
na canji da maganin zazzaɓi,
na saki hammata don iska ta shiga.
Tasi'u ya juya cikin, ya gyaɗa kai.
Nasidi ya ɗaga ta a rana har ya runtse ido.
Kowa ya ɗauka shi na bi.
Cikon kuɗina dai, dubu biyu, yana sama bai sauko ba.

Ran da aka haska a gidan kallo na Kurna
na zauna a bencin baya.
Da jarumin ya tashi,
igiyar da ta ɗaga shi ta fito ɓaro-ɓaro.
Wani mai furfura ya ja tsaki.
Yaran gaba kuwa sun haye benci suna ihu.

Daidai nan aka ɗauke wuta.

Mai gidan ya fita yana fama da janareta,
tari ɗaya, tari biyu, shiru.
Ba wanda ya motsa.
Jarumin na nan inda muka bar shi,
ba a sama ba, ba a ƙasa ba,
da canjinsa a aljihu.

Wani yaro ya taɓa ni cikin duhu:
"Baba, zai faɗo?"
Na shafa gwiwar hannuna.
Na ce, "Zai faɗo mana, yaro.
Amma ba yanzu ba."