Kantar Takalma

Ba ni da rajista, ba ni da alli.
Tsintsiya ce tawa, da makullin ƙofar gaba.
Amma kafin malamai su kira suna
na riga na san wanda ya zo,
don a nan Japan a bakin zaure ake tuɓe takalmi,
kowane yaro da gurbinsa a kanta.

Shekarar da na kama aiki
gurbi ɗari huɗu ne, duk a cike,
takalman roba masu ƙarnin kifi,
jiƙe sharkaf tun daga bakin teku.
Makarantar koyon su ce tamu:
saƙar koma, gyaran inji, karatun iska da igiyar ruwa.
Yau da safe na ƙirga sittin da uku.
Sauran gurabun gizo-gizo ya kama haya.

Ina suka tafi?
Tambayi jirgin ƙasan shida da kwata.
Shi ke kwashe su zuwa birni,
makarantar masu harin jami'a,
suna gyangyaɗi, littafi a cinya.
Iyayensu masunta ne, su suka ce su je:
wanda gishiri ya tsattsage wa hannu
ba ya yi wa ɗansa fatan gadon kwalekwale.

Waɗansu ko jirgin ba su hau ba.
Ga Genta, mai gurbi na tara daga ƙasa,
mai take dunduniyar takalmi kamar silifa.
Da fari Litinin ce ba ya zuwa,
sai Litinin ta jawo Talata,
kafin dusar ƙanƙara ta narke
ƙura ta kwanta a gurbinsa.
Na ce a raina, an yi asarar yaro.

Shekaranjiya na gan shi a kantin Hatsue, yana sayen madara.
Ya yi ƙiba, har ya gaishe ni.
Wai yanzu makarantarsa a kwamfuta take,
malami a allo, shi a ɗaki,
sau kaɗan a shekara yake zuwa a ga fuskarsa.
Ya ce, Baba, cikina ya daina murɗawa da asuba.
Na rasa abin cewa.
Ashe ƙofar da nake buɗewa da murna
wani da kyarma yake shigarta.

Shugaba Isoda ya tara mu a ofis,
ya zana layuka uku a takarda:
ɗaya a miƙe, ɗaya na hawa, namu na gangara.
Ya ce ƙila baɗi a haɗe mu da makarantar noma,
masunta da manoma a aji guda.
Aka yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙora.

Sai dai bana an sami baƙuwa.
Michiru, daga can birnin da kowa ke gudu zuwa,
ita kaɗai a taragon da ke tahowa nan.
Injin jirgin ruwa take so ta iya, ba ta da wani zance.
Takalminta sabo fil, ja wur,
bai san kifi ba tukuna.
Gurbin Genta na ba ta.
Na share shi sau biyu kafin ta iso.

Da yamma idan na kulle ƙofa
nakan sake ƙirgawa, ko da babu komai a kanta.
Tsohuwar al'ada ce.
Hannu ke yi, ba ni ba.