Tafinta

Obiora ya rantse mini da kabarin kakarsa
cewa daga wani banki da ya rufe a Marina ta fito.
Na biya dubu tamanin, ya yi mini gyara da igiyar wuta.
Daga Ikeja na ɗauko ta a danfo,
kwandasta ya ce sai na biya mata kujera.
Na biya. Ta fi ni nauyi ai.

A shagona na Agege, bayan layin dogo,
na kunna ta, fankokinta shida suka ɗauki kururuwa.
Na kutsa saitinta ina laluben ƙofar baƙi,
ƙofar nan da 'yan yayi ke zuwa da ita tun daga masana'anta,
wadda ke barin kwamfuta ta sauki wasu kwamfutoci a cikinta.
Na duba sama, na duba ƙasa.
Babu.
An gina gidan tun ba a san za a sa haya ba.

Ga kuwa 'yan haya tsaye da kayansu:
lissafin mahautan Oko-Oba,
rajistar ɗaliban Malama Turai,
da kantin maganin Iya Basira,
wadda ta yi rantsuwa da takarda
tun shekarar da ruwa ya ci littafin bashinta.

Sai na ɗauko tafinta.
Manhaja ce, ba ta da fuska.
Baƙo ya yi magana, ta tare,
ta juya kalmar, ta auna ko za ta rusa gida,
sannan ta miƙa wa tsohuwar ƙwaƙwalwa.
Amsa ta dawo, ta sake juyawa.
Kowane umarni sai ya yi tafiya biyu.

Na fara loda ta farko bayan isha'i.
Aka ɗauke wuta, na ja janareta.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwanon rufi ya karkaɗa.
Layin nan na allo yana rarrafe,
kashi goma sha bakwai,
har shayina ya yi fata, goma sha bakwai.

Nan Baba ya faɗo mini.
Shekara talatin yana tsaye a kasuwar goro
tsakanin fataken Sakkwato da matan Ijebu.
Ba ya gaggawa. Ya kan tauna magana
kafin ya tofa ta cikin wani harshe,
zagin da ke ciki ya ajiye shi a kumatu.
Ana ce masa mai nawa,
amma cinikin da ya ƙulla ba ya kwancewa.

Da kiran assalatu ta farko ta buɗe ido.

Ta biyu ban yi mata ƙarya ba.
Na gyara mata ciki, na ce: ke baƙuwa ce,
kada ki taɓa makullin gida,
in kina son abu, yi sallama ki tambaya.
Da ta san matsayinta sai ta fi sauri.
Ta uku kuwa labule kawai na ja mata,
murhu ɗaya suke girki da mai gida.

Ranar Laraba wani yaro ya zo da sabuwar manhaja,
kalmominta sun fi ƙarfin bakin tafinta.
Ya ce, Oga Lurwanu, jefar da wannan tsohuwa.
Na ce je ka Ikoyi, can suna da ƙofa.

Yanzu idan Iya Basira ta danna sunan magani
sai ta jira numfashi uku.
A cikinsu take tambayar mai saye
jikin yaro, da ko an biya kuɗin makaranta.
Fankoki na ta kuka a bayan shago.
Ɗaya ya fara tari,
gobe zan koma wurin Obiora.