Aron Sauƙi

Shekara talatin da huɗu ina sunkuyo a bakin tanderu,
can inda kogin Rioni ke wanke duwatsu,
ina manna ƙullu a jikin yumɓu mai huci,
Kutaisi na barci, ni ina ƙirga gurasa.
Sai kafaɗar dama ta ce ta gaji.
Ba ta ko yi shawara da ni ba.

Riga ta zama abokiyar gaba.
Tsiala ke zura mini hannu cikinta da asuba
kamar yaron da za a kai makaranta.
Da dare in na juya kan dama
sai in ji an kafa mini ƙusa, an manta da ita.

Likita Lamara ta shafa mai mai sanyi,
ta ɗora na'ura, ta juyo mini da allo:
"Ga jijiyarka, Otar, ta kumbura,
igiyar guga ce da ta daɗe tana gugar bakin rijiya.
Kotizon zan sa mata.
Ba ɗinki ba ne, ka ji ni da kyau,
ruwa ne za mu yayyafa wa garwashi."

Allurar ba ta kai tsoronta ba.
Tsini, sannan nauyi,
kamar an danna babban yatsa cikin ƙullun da bai tashi ba.
Kafin in ɓalla maɓalli, hannu ya ɗagu har sama.
Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.
"Maganin kashe zafi ne da na haɗa,
kafin dare zai sake ka.
Gobe kana iya zagina, jibi ma haka.
Naɗe ƙanƙara a tsumma, ɗora, ka zauna.
Kwana biyu kar in ji ka taɓa buhun fulawa."

Ba ta yi ƙarya ba.
Daren nan kafaɗa ta yi bore, ta fi jiya,
fuskata ta yi ja kamar na leƙa wuta,
barci ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa.
Sukarin jinina ya hau tudu,
Tsiala na rubuta lambobi a bayan kalanda,
safe da yamma, tana tsaki.
An ce in zazzaɓi ya zo, ko wurin ya kumbura yana zogi da zafi,
kar mu jira gari ya waye.
Bai zo ba.

Gocha ya riƙe shago.
Gurasarsa karkatacciya, gefe ɗaya a ƙone,
mutane suka saya, suka ci, har da yabo.
Wannan ya fi allurar yi mini ciwo.

Rana ta biyar babu abin da ya faru.
Shi ne labarin.
Na miƙa hannu na sauko da gishiri daga kanta,
sai da na barbaɗa na tuna.

Yanzu wata na uku ke nan.
Inda tsinin ya shiga fata ta ɗan koɗe,
faɗin kwabo, ta ɗan lotsa.
Na tambayi Lamara ko akwai ƙari in ya dawo.
Ta ɗaga yatsu uku: "A shekara, iyaka,
kuma ba na son mu kai can.
Igiyar da aka cika jiƙawa ruɓewa take."
Ta ba ni roba ja mai talewa,
in ɗaura a marikin ƙofa, in ja sau goma sha biyar.

Kayan aro ba ya rufe katara, na sani.
Amma aron ya ba ni barci,
ya ba ni rigata da hannuna.
Ƙarfe uku na dare, kafin in hura wuta,
ina tsaye da jar roba kamar mai wasan yara.
Gocha na manna na ƙasan tanderu, inda zurfi yake.
Ni na baki.
Har yanzu nasa a karkace suke.