Yatsu Uku

Shekara ashirin da biyu
ina hura wuta a gefen Ƙofar Marke,
tun malmala tana naira goma
har aka koma biyan kuɗi ta waya.

Ni ce Ige mai miyar sure.
Ban taɓa auna gishiri da cokali ba.
Yatsu uku ne, sai ɗan kaɗawa,
kamar mai sallamar baƙo a bakin hanya.

Sai ga Nusaiba ta buɗe shago a tsallaken titi:
gilashi, fanka, jajayen kujeru,
faranti fari kamar haƙorin yaro.
Kafin ta miƙa abinci sai ta ɗauki hotonsa,
waɗanda ba su ɗanɗana ba su yi ta yabo daga nesa.
Ni kuwa ina tsaye da ludayi,
kwanon samira a hannuna ya zame mini abin kunya.

Na fara ƙirga baburan ƙofarta.
Goma sha ɗaya.
Tawa huɗu, ɗaya ma na mai gawayi ne,
ya zo karɓar bashin jiya.

Na rage daddawa, wai ƙamshinta na ƙauye ne.
Na sayo kofin awo mai zane-zane,
na zuba kori inda kori bai da dangi.
Sau bakwai nake ɗanɗana tukunya ɗaya
har harshena ya daina ba ni amsa.
In tambayi Hassi jikata, ta ce, "Ta yi, Inna,"
in ce a raina: tausayi ne ya sa ta ƙarya.

Modi direban Illela ya ci loma biyu ya tsaya.
"Ige, mi as samu miyag ga?
Kamar ɗiyar da ta tahi birni
ta dawo ba ta gaida kowa."
Ya biya, ya bar saura.
Ran nan ko wanke-wanke ya yi mini wuya.

Daren sunan gidan Magaji Rini
ruwan farko ya sauka, aka ɗauke wuta,
tocila ta mutu, kofin awo ya ɓace cikin kaya.
Mutum sittin za su ci da hantsi.
Na zauna gaban murhu, ba abin gani sai garwashi.
Kunnena ya ji man ya yi shiru, na san ya soyu.
Hancina ya ce sure ta saki tsaminta.
Ban yi shawara da kowa ba,
sai na ji hannuna cikin ƙwaryar gishiri,
yatsu uku, da ɗan kaɗawa,
yadda Innata ke yi a Wurno
tun ina riƙe mata tsintsiya.

Ashe ni ce na manta.
Hannun bai manta ba.
Na mayar da daddawa mazauninta,
na ba ta haƙuri kamar tsohuwar ƙawa,
na ɗanɗana sau ɗaya tak, na rufe tukunya.

Shagon Nusaiba na nan cike har gobe.
Na aika an sayo mini dafa-dukarta,
da daɗi, Allah ya sani, ba zan rage mata ba.
Amma cikar gulbin Rima
bai taɓa rage ko guga ɗaya ba
daga ruwan da ke cikin rijiya.

Shakka ba ta daina zuwa ba.
Takan zo da asuba ta zauna kan turmi,
ta ce, "Kin tsufa, Ige, an wuce ki."
Ba na korar ta.
Sai in tura mata kwandon albasar Gada da wuƙa,
in ce, "Tunda hawaye kike so, yanka.
Ni ina da aiki,
Modi na tafe, kuma ban kaɗa miya ba."