Kafin La'asar

Da hantsi suka kawo Arzika daga Kwalkwalawa,
a bayan a-kori-kura, lulluɓe da tabarma,
laka a farcensa, warin albasa bai bar rigarsa ba.
A bakin gulbi aka tsince shi kife, rabin fuska a ruwa.
Tun kafin a ɗauke shi gari ya gama shari'a:
Labbo ne.
Wa bai ji su ba ran Jumma'a
suna ɗaga murya kan iyakar fadama, taki uku tak?
Labbo na can hannun 'yan sanda, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ni ne mai tura gadon ƙarfe.
Shekara sha tara ina ɗakin sanyin nan
a garin da kwalta ke narkewa da azahar.
A wurin suna ba kowa ke miƙo mini hannu ba.
Na saba.

Ƙanensa ya tokare ƙofa:
"Ga likkafani, an gama haƙa,
ku ba mu ɗan'uwanmu, gawa ba ta jiran takarda.
Wanda Allah ya karɓa, me wuƙa za ta ƙara masa?"
Ban ga laifinsa ba.
Ni ma uwata, kafin rana ta karkata na rufe ta.

Amma majistare ya riga ya sa hannu.
Tambayoyinsa huɗu ne, gajeru kamar na kabari:
wane ne, yaushe, a ina, ta yaya.
Shi bai taɓa gawa, biro ne abin aikinsa.
Ya tambaya daga kotu,
mu mu nemo amsa ƙarƙashin fata.

Dakta Luba ta wanke hannu har gwiwa,
ta yi bisimilla ƙasa-ƙasa,
ta ce, "Baba Arzika, ka yi haƙuri, ba za mu daɗe ba."
Haka take ce wa kowa, har jinjiri.

Ta fara da wuya: ba sawun igiya, ba na yatsa.
Ƙoƙon kai sumul, kamar sabuwar ƙwarya.
Ƙujewar goshi kuwa dutsen gaɓa ne,
ya same shi bayan jini ya daina gudu.
Ta ɗaga huhu, ta auna, na rubuta:
gulbi bai shiga ba.
Sai zuciya.
Nan ta daɗe, ta ce in matso da fitila.
Wata 'yar jijiya, ba ta kai kaurin tsinken tsire ba,
ta toshe kamar lambatun da aka manta da shi.
"Ga wanda ya kashe shi, Modi.
Ya fi shekara goma zaune a ƙirjinsa,
ko hayar ɗaki bai biya."

Da kanta ta ɗinke shi, ɗinki ƙanana,
kamar mai gyaran rigar da za a sa zuwa idi.
Na goge masa laka daga farce, ko da ba aikina ba ne.

Ƙanen ya sa aka karanta masa takardar sau biyu.
Na zaci zai yi hamdala.
Sai ya zauna a dakali ya riƙe kai,
don fushin da ya taho da shi tun daga gida
ya rasa wuyan da zai shaƙe.
Jijiya ba a kai ta ƙara.

An ce ana daidaita sahu
Labbo ya iso, ƙura har gwiwa,
ya tsaya can baya, a ƙarshen layi,
babu wanda ya dube shi, babu wanda ya kore shi.
Ni ban je ba.
Ina wanke gadon ƙarfe aka kira la'asar,
kuma ga wata mota tana juyawa da baya a bakin ƙofa.