Tafinta a Kotun Ogba

Shekara goma sha ɗaya ina tsaye
tsakanin bakin alƙali da kunnen mutanenmu,
ina dako, ba na buhu ba, na magana.

Yau Sallau ne a akwati,
direban tanka daga layin Apapa.
Birki ya ƙwace masa a gangaren gada, ana ruwa.
Yaron mai tallan burodi ne. Akanji sunansa.

Mai shari'a ta gyara tabarau,
ta jefo kalma guda ta Turanci,
mai santsi kamar sabulun otal:
da me zai wanke abin da ya yi?

Na buɗe baki, sai hanya ta rabu huɗu.
In ce kaffara? Wannan tsakaninsa ne da Mai Sama.
In ce diyya? Lissafin raƙuma ne, babu su a Ikko.
Tuba ta ƙirji ce, ba ta shiga fayil.
Fansa kuwa wuƙa ce mai kaifi biyu:
ana fansar bawa, ana ɗaukar fansa.

Malaminmu na makarantar dare a Agege
ya taɓa tsaga kalmar nan da alli,
ya ce asalinta a koma ɗaya,
kamar fasasshiyar ƙwarya a hannun gyartai.
Ƙanwarta kuma, ta jikin allon coci
da takardar jingina,
nufinta ka sake sayen abin da yake naka.
Da ita na karɓo rediyona a Oshodi bara.
To wa ke riƙe da rasit ɗin yaro?

Sai kawai na ce: "Me ka yi tun ranar?"
Ya ce: "Azumi. Yau talatin da bakwai,
saura ashirin da uku."
Leɓensa ya dare kamar fadama a bazara.

Na juya shi Turanci. Ya fito ƙanƙane,
kamar labarin wanda ya ƙi cin abinci.

Uwar yaron, Iya Abeke, ba ta jin Hausa,
Turancin ma sama-sama.
Leɓen ta duba, ba bakina ba.
Da aka ɗage zama zuwa watan gobe
ta bi ta gabansa,
ta ajiye ledar ruwa a kan katako.
Ba ta ce ta yafe ba.
Ba ta ce komai ba.

Akawu ya tambaye ni me zai rubuta.
Na ce bar layin haka.

Sallau ya ɗauki ledar da hannu biyu.
Da sauran awa huɗu kafin magariba.