Wa Ya Auna Mai Awo?

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki a Ƙofar Guga,
ban taɓa auna kafaɗu biyu sun zo daidai ba,
ko da a jikin mutum guda.

Barira, 'yar ƙanena, ta zo hutu da wani littafi
wanda ɓera ya ɗanɗana bangonsa.
In keke ya huta bayan isha'i
sai ta karanta, tana juya mini shi da Hausa.

Labarin wata ƙasa ce da babu ita,
inda hukuma ta ce hassada ce uwar yaƙi,
bambanci kuwa shi ya haifi hassada.
Sai aka yanka wa kowa riga ɗaya,
awo ɗaya, launin toka.
Dogo ya fita gwiwa a waje,
gajere na sharar titi da bakin riga.
An hana uwa faɗin wane ɗa ya riga yin tafiya.
Mai daɗin hannu a miya an ƙidaya mata gishiri.
Kowa ya ce madalla, da murya ɗaya.

A littafin, wata tsohuwa ce mai ɗingishi
ke kwance kalmasa da tsakar dare
ta ƙara wa maƙwabcinta yatsa uku na yadi.
Iyakar tawayen ke nan.
Aka kama ta. Shafi ya ƙare.
Na kwana ina jin zare tsakanin haƙorana.

Ran Asabar muka je gidan kallon Tasi'u.
Naira ɗari biyu, benci, janareta na tari,
mai fassara na ihu a kan muryoyin baƙi.
Tsohuwa ta ɓace.
An canje ta da wani saurayi mai ƙirji kamar ƙyauren gari,
haƙora farare, gashi bai san wahala ba.
Yara na kallon wuta da harbi,
ni ina kallon ɗinki:
rigar tokarsa an ci mata ƙugu,
an ɗaga kafaɗa, an gyara wuya.
Tela ya san hannun tela.
Dubun da ke bayansa ko suna ba a ba su ba,
an zuba su kamar gero a buhu
don shi kaɗai ya yi haske.
Fim ya zo kukan an mai da mutane ɗaya,
ya mai da su ɗayan, ya ware nasa.

Kuma daga littafin har fim ɗin
babu wanda ya juya ya nuna mini
mai riƙe da tef.
Shi nawa ne awonsa? Wa ke masa ɗinki?

Da muka fito, ga Mati ɗan ga-ruwa,
ya kalli rabin fim ta hudar langa-langa.
Ya ce, Malam, a ƙasar nan tasu kowa na samun riga?
Na ce, kowa.
Da tuwo?
Na ce, haka suka nuna.
Ya dubi tasa, iska na shiga ta ƙofa biyar.
To, ina laifi?

Barira ta soma bayani da manyan kalmomi.
Ni na rasa ta cewa.
Masu rubuta tsoron daidaito
sun ci sun ƙoshi kafin su ɗauki alƙalami.

Da asuba liman ya ce a daidaita sahu.
Ƙafa ta taɓa ƙafa, kafaɗa ta nemi kafaɗa.
Na saci kallo: kawuna kuwa
kowanne da inda ya tsaya,
kamar karan dawa a gonar da ta samu ruwa.
Ba a rage wa kowa tsawo ba.

Da hantsi na kira Mati shago.
Na zagaya shi da tef, yana dariya, wai cakulkuli.
Kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka da inci ɗaya da rabi,
inda sandar ruwa ta yi shekaru tana zama.

Na rubuta hakan a littafin awo.
Na yanka yadda take.